Inda Diyyar Gonarmu Ta Tafi

Na daɗe ina jin maganar tana yawo a tsakaninku, ku 'ya'yana da 'ya'yan ƙannena, cewa Baffanku Sahabi ne ya cinye diyyar gonar kakanku. Bara, a wajen wani suna a Bakura, na ji ɗaya daga cikin 'yan matan gidan Ɗahiru tana faɗa wa ƙawarta haka, ba da mugun nufi ba, kamar dai yadda ake faɗin abin da kowa ya sani. Na koma gida ban iya cin abinci ba. Sahabi yana ƙasa, ba shi da bakin kare kansa, Ɗahiru ma ya riga mu, ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka zauna a zauren nan ranar da aka yanke shawara. Don haka zan faɗa muku yadda abin ya kasance, har da wurin da ba ya yi mini daɗin faɗa.

Ƙauyenmu na asali yana ƙasar Maradun, a bakin gulbi, yanzu ruwan dam ya rufe shi. Gonar Baba fadama ce mai kyau, ana noma ta damina da rani, dawa da shinkafa, sannan albasa da dankali bayan ruwa ya janye. Mu uku ne maza a gidan. Ni ne babba, ina aikin malamin asibiti a wani ɗakin shan magani da ba shi da nisa da gida, shi ya sa Baba, da yake ba ya kama sunan ɗan fari, yake ce mini Malam. Sahabi ne ke bi na, sai Ɗahiru auta, wanda a lokacin ya isa aure har an kai masa gaisuwa. Da masu awo suka zo suka kafa turaku suka shafa wa bangon gidaje lamba, Baba ya rage magana. Aka tashe mu aka kai mu wani tudu mai tsakuwa, aka ce diyya tana nan tafe. Damina ta wuce, wata ta zo, diyya ba ta zo ba. Rikicin da ya biyo baya tsakanin manoma da hukuma kun ji labarinsa a bakin wasu, ba shi zan ba ku ba. Abin da nake so ku sani shi ne a waɗannan shekarun gidan da ya saba sayar da hatsi ya koma awo da tiya, albashina kuwa bai kai ya riƙe mutum goma sha ba.

Sahabi ne ya riƙe mu. Ya koyi tuƙi a tashar Mafara tun kafin ya yi aure, sai ya samu tifa a hannun wani ɗan kwangila mai ɗebo dutse. Iyakar sawun da ka yi, iyakar abin da za a biya ka. Direbobin nan suna da wata ƙwaya da suke saya a wajen masu tebur a bakin hanya, in mutum ya haɗiya da shayi sai barci ya gudu, yunwa ma ta gudu, ya yi ta jigila ba gajiya. Kowa ya san da ita, ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai, har manoma suna sha lokacin huɗa. Duk ƙarshen wata Sahabi zai sauke buhun dawa a ƙofar gida, wani lokaci da gwangwanin manja da sabulu, Inna ta yi ta sa masa albarka. Mun ga idonsa ya faɗa, mun ga yana taune haƙora yana magana da sauri kamar ana korarsa. Ni da na yi karatun asibiti na fi kowa sanin abin da nake gani. Amma buhu yana zuwa, sai kowa ya kawar da kai, har da ni.

Wata ranar kasuwa ya tsaya da tifar a gaban ɗakin shan maganin, ya jira marasa lafiya suka ragu, ya shigo ya zauna a kan benci. Ya ce kwana uku ke nan in ya kwanta idonsa ba ya rufuwa, jiya har ya ga hanya ta rabu biyu a gabansa.

"Yaya, ka taimake ni da abin da za ya sa ni kwana, ko na sa'a uku na," in ji shi. "In na ajiye motar ga, wani za su ba."

Da na ce masa ya bar ƙwayar safe, sai ya tambaye ni me za a ci a gida. Na buɗe kabad na ƙirga masa ƙwayar barci irin wadda muke ajiyewa don masu tsananin buƙata, na nannaɗe a takarda na ba shi. Sau uku na yi haka. A na huɗu bai zo ba, don ya gane sunanta, ya gano kemis ɗin da ake sayarwa ba tambaya. Daga nan ya zama da safe wadda za ta tashe shi, da yamma wadda za ta kwantar da shi, kullum kuma adadin yana ƙaruwa. Wannan maganar ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko mahaifiyarku ba ta sani ba har ta bar duniya.

Bai cika shekara ba tifa ta zame da shi cikin rami da rana tsaka. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma aka sallame shi a ranar, aka karɓe katin da ma'aikatan ɗan kwangilar ke zuwa ganin likita da shi. Zaman gida ya ƙara lalata al'amarin. Ya sayar da rediyonsa, ya sayar da agogo. Ya fara cewa masu awon nan sun dawo suna bin sa, yana leƙa bayan danga. Matarsa Hajo, mutuniyar Bakura ce, mace mai haƙuri da ba ta kai ƙara, sai da na ga ta kwashe wuƙaƙe da lauje ta kai ɗakin Inna na gane inda aka kai. Inna ta ce jifa ne, an yi masa hassada don ya samu mota. Baba ya fara maganar wani malami mai gidan mari, inda ake kai irin waɗannan a ɗaure su da sarƙa. Ni kuwa na taɓa ganin ƙafar wanda aka dawo da shi daga mari, na ɗaure masa gyambon da hannuna, na ce a ba ni kwana bakwai tukuna. Na bincike ɗakinsa na kwashe duk ƙwayar da na samu na zuba a masai, na sa shi a ɗaki na zauna a bakin ƙofa. A tunanina in jiki ya rasa, zai haƙura.

A rana ta uku, da hantsi, Hajo ta kawo masa kunu, sai na ji ƙwarya ta faɗi. Na shiga na iske shi a ƙasa yana jijjiga, ya ciji harshe, jini da kumfa a baki. Ya lafa, kafin mu ɗaga shi ya sake. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Muka tari wata a-kori-kura da ta ɗauko itace, muka shimfiɗa shi a bisa itacen, kansa a cinyata, har Mafara. Duk ramin da motar ta faɗa sai na sa kunne a bakinsa in ji ko yana numfashi.

Likitan da muka samu dattijo ne, mutumin kudu, ya daɗe a ƙasarmu har Hausa ta zauna a bakinsa. Bayan an yi wa Sahabi allura ya samu natsuwa, ya kira ni gefe ya tambayi abin da yake sha, da yawansa, da ranar da ya sha na ƙarshe. Da na faɗa masa, ya cire tabarau ya dube ni.

"Wa ya hana shi gaba ɗaya?"

Na ce ni ne.

"Kai da kake malamin asibiti? Ta safen nan ana iya yankewa, zai sha wuya amma ba za ta kashe shi ba. Ta barcin ce ba a yankewa rana ɗaya. A hankali ake janye ta. Saura kaɗan ka binne ƙanenka."

Sannan ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da ban ji a makaranta ba. Ya ce wannan ciwo ne, ba iska ba ne, ba kuma lalacewar hali kaɗai ba, amma asibitin ba a gina shi da irin wannan ciwon a zuciya ba. Akwai wurin mai zazzaɓi, da mai haihuwa, da wanda maciji ya sara, babu wurin wanda ƙwaya ta kama. Abin da zai iya shi ne ya ajiye shi a gadon ƙarshe na ɗakin maza, ya riƙa rage masa maganin da kansa mako bayan mako, in dai wani namiji daga gida zai zauna da shi ba ɗagawa. Gado kyauta ne, amma maganin da ake buƙata babu shi a sito, sai an sayo daga Gusau. Abinci namu ne. In an sallame shi kuma sai an riƙa kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa can wajen Sakkwato duk wata, kuɗin mota na mutum biyu da na magani. Na tambaye shi ko in an yi duk wannan zai warke. Ya ce ya ga waɗanda suka tsaya, ya ga waɗanda suka koma, ba zai yi mini alkawari ba.

Na fara neman wanda zai ɗauki nauyin. Na je wajen akawun ɗan kwangilar, na ce a bakin aikinsu ya kamu. Ya ce kati ya mutu ranar da aka sallame shi, kuma ba su suka ce ya sha ba. Na je wani ofishi da ake taimaka wa gajiyayyu, mutumin ya saurare ni da mutunci, sannan ya ce abin da ke hannunsu na makafi ne da kutare, in ya rubuta sunan wanda ya jawo wa kansa, shi za a tuhuma. A asibitin ma ba kowa ke son ganinmu ba. Akwai wata nas da ba ta ɓoye ba, ta ce ga masu ciwon Allah da Annabi kwance a ƙasa, an ba ɗan ƙwaya gado. Ban ji haushinta ba, don ni ma ina ganin waɗanda ke ƙasan. Albashina na wata ya ƙare cikin kwana tara.

A makon nan ne diyya ta fito. Ba ta kai rabin abin da Baba ya sa rai ba, amma za ta sayi gona. Tun tuni an yi magana da wani ɗan'uwan Inna a Janbako, yana da gona mai jigawa da ɗan kwari da zai sayar, ya ce zai jira mu. A kan wannan gonar auren Ɗahiru ya rataya, don iyayen yarinyar sun ce ba su ƙi shi ba, amma su ga inda zai noma. Na bar Hajo da wani ƙanenta a wajen Sahabi na zo gida. Bayan la'asar muka zauna a zaure, ni da Baba da Ɗahiru, Inna tana daga ciki bakin ƙofa inda za ta ji. Na faɗi abin da likita ya ce, da abin da zai ci. Ɗahiru bai ɗaga murya ba, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Ya ce wannan kuɗi ba kuɗi ba ne, ƙasar kakanninmu ce aka mayar takarda, in ta tafi ba wani dam da za a sake ginawa a biya mu. Ya ce mari ba ya cin ko kwabo sai ɗan abin sadaka. Inna daga ciki ta ce buhunan da muka ci shekara biyu fa, daga ina suka fito. Baba ya daɗe yana murza carbi, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, kai ka san aikin ga. In anka kashe kuɗɗin nan, shina warkewa?"

Na san abin da likita ya faɗa mini. Na san kuma in na maimaita shi yadda yake, gobe Sahabi yana cikin mari, a yanke masa maganin rana ɗaya, jijjigar nan ta dawo a inda babu allura. Na kuma san hannun da ya fara miƙa masa ƙwayar barci.

"Shina warkewa, Baba," na ce.

Baba ya tashi ya shiga ciki, ya fito da ƙunshin a cikin tsumma kamar yadda aka ba shi, ya ajiye a gabana. Ɗahiru ya sa takalmansa ya fita.

Mako bakwai muka yi a gadon nan. Na ɗauki hutun da nake da shi, na roƙi wanda ba ni da shi. Makonnin farko Sahabi barci yake yi kamar gawa, in ya farka ya ci abinci kamar wanda ya shekara bai ci ba, sannan ya juya fuska bango ya yi ta hawaye ba sauti. Duk ranar da likita ya rage maganin, sai jikinsa ya ɗauki rawa, ya riƙe mini riga yana roƙo, wani lokaci ya zage ni zagin da ban san ya iya ba. Na zauna ina kallon yatsunsa da gefen bakinsa, ina jiran jijjiga. Ko masallaci na tafi, a sujada tunanina yana kan gadon. Hajo tana dafa abinci a gindin dogon yaro tare da sauran masu jinya, in sun tambaye ta ciwon mijinta sai ta ce ciwon kai ne. Wata rana wani abokin tuƙinsa ya zo dubiya da burodi, mutumin kirki a fuska, ya yi addu'a ya tafi. Ban san abin da ya sa na tsaga burodin ba. Ƙwaya shida na samu a ciki. Tun daga ranar ko goro aka kawo sai na fasa. Duk mako kuma in hau mota zuwa Gusau, in kwance tsumman Baba a gaban mai kemis, in ga yadda yake ƙanƙancewa.

Mutumin Janbako ya jira har hadari ya fara haɗuwa, sannan ya aiko da ban haƙuri ya sayar wa wani. Iyayen yarinyar suka mayar da kayan gaisuwa cikin mutunci. Ɗahiru ya bi motar shanu zuwa kudu bai yi sallama da ni ba, shekara shida ban ji muryarsa ba. Ku 'ya'yansa, in kun tashi kun ji ɗaci a bakin mahaifinku game da wannan magana, yana da hujja. An ɗauki rabonsa ba da yardarsa ba, a kan maganar da ni na san ba ni da tabbacinta.

Sahabi ya fito ya yi ƙiba, ya koma sallah cikin jama'a, muna zuwa Sakkwato duk wata. A wata na biyar Hajo ta zo ɗakin shan magani da rana, ta tsaya a bakin taga ba ta shigo ba, ta buɗe tafin hannunta ta nuna mini abin da ta samu a cikin hularsa. Ƙwayar nan ce ta dawo. Abin da ya fi ba ni tsoro ba Sahabi ba ne, fuskar Baba ce. Da na faɗa masa, bai tuna mini abin da na ce a zaure ba, ya dai tambaya ko akwai saura a tsumman. Akwai kaɗan. Na sayar da babur ɗina na cika. Likitan bai yi mamaki ba, ya ce haka ciwon yake, a sake. Muka sake, mako huɗu. Wannan karon ya tsaya, amma ni ban yarda ya tsaya ba sai bayan shekaru. In na ga ya yi saurin magana sai in zuba masa ido. In ya makara daga kasuwa sai in kasa zama. Shi ma ya sani, yakan turo mini hularsa da aljihunsa ba tare da na tambaya ba, abin yana yi mana ciwo mu duka biyu. Bai sake taɓa sitiyari ba. Ya yi ƙodago a gonakin rani na wasu, daga baya ya kama sayar da albasa a Mafara, da ita ya rene ku, ku nasa.

Baba kuwa bai sake mallakar ko taki ɗaya na ƙasa ba. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai ya sa babbar rigarsa ya je wajen wani sa'an 'ya'yansa, ya tuɓe takalmi ya yi doguwar gaisuwa, ya roƙi aron gona. Na raka shi sau ɗaya, ban iya sake rakiya ba. Bai taɓa ce mini na yaudare shi ba, bai kuma taɓa cewa na yi daidai ba. Har yau in na zauna ina auna abin, wani lokaci in ga ran mutum ya fi gona, wani lokaci in tuna Ɗahiru da tsohon nan durƙushe a zauren wani, in rasa ta cewa.

A ciwonsa na ajali na yi niyyar faɗa masa komai. Na zauna kusa da shi bayan azahar, na fara da cewa akwai abin da na ɓoye masa game da shekarar diyya. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya ce in kira masa Sahabi. Da ya shigo ya durƙusa, Baba ya kama hannunsa, ya yi magana yadda duk wanda ke ɗakin zai ji, har da liman da ya zo dubiya.

"In na cika, wanga shi za ya wanke ni. Kar a kira kowa."

Kun san a wajenmu ba a ba wannan aikin sai wanda aka yarda da amanarsa da tsarkinsa. Akwai waɗanda har lokacin in Sahabi ya shiga sahu suke matsawa. Liman ya dubi ƙasa ya ce an ji.

Bayan kwana huɗu Baba ya rasu da safe. Ɗahiru, da aka aika wa tun da ciwon ya tsananta, ya iso daga kudu ana gab da fara wankan, da ƙurar hanya a jikinsa. Ya tsaya a bakin ɗakin ya ga Sahabi ya naɗe hannun riga shi kaɗai, yana neman yadda zai riƙe buta ya kuma juya gawa. Ɗahiru ya ajiye jakarsa, ya wanke hannu, ya shiga ya karɓi butar. Ni na ja musu labule, na tsaya a waje ina jin zubar ruwan.